Gajiyar da Barci Ba Ya Kora

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan, kusan rabinsu kuka ɗaya suke yi: gajiya. Na zaɓi uku, na cire sunaye da duk abin da zai sa a gane masu su. Ta farkon ce ta ci mafi yawan filin, domin amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Ni malamar makaranta ce, shekarata 38, 'ya'yana huɗu, kuma mahaifiyata tana hannuna tun da ɓarin jikinta ya shanye shekara biyu da suka wuce. Kullum ƙarfe huɗu da rabi nake tashi. In gyara Mama, in shirya yara, in tafi makaranta in ɗauki aji biyar, in dawo in ɗora girki, in duba wa yara aikin gida, in zauna makin har sha biyun dare. Ban taɓa ƙorafi ba, domin aikin nawa ne.

Amma Anti, yau wata takwas ke nan wani abu ya canja. Ko na yi barci na tashi, jikina kamar an yi min duka. Ciwon kai ba ya barina. Ran nan ina tsaye gaban aji, sunan yarinyar da na koyar shekara biyu ya ɓace min ɓat. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, makon jiya wata ɗaliba ta zo tana kuka tana gaya min iyayenta sun rabu, ni kuwa ina kallonta ban ji komai ba, a raina cewa nake yaushe za ta gama in tafi. Da can ni ce wadda yara ke rugowa wajenta. A gida kuma autata ta ɓarar da ruwa a kofi, na daka mata tsawa har ta ɓuya bayan ƙofa. Na shiga banɗaki na yi ta kuka. Yanzu gani nake ban iya koyarwa ba, ban iya tarbiyya ba, ko jinyar Mama ba na yi yadda ya kamata.

Maigidana mutumin kirki ne, amma da na gaya masa sai ya ce kowa ma a gajiye yake, in ƙara haƙuri. Wata abokiyar aikina ta ce in je in ga masu ilimin halayyar ɗan Adam, waɗanda ake zama a yi magana da su. Ni dai ban haukace ba. Kuma magana ba za ta wanke min kwanuka ba, ba za ta juya min Mama a gado ba. To me za ta amfane ni? Ko dai raguwa ce ni, haƙurina ne ya ƙare? Ki gaya min gaskiya.

Ƙanwarki, malamar makaranta.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri. Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma duk a wuri ɗaya nake tsayawa: inda yarinyar nan ke kuka kina jiran ta gama. Na san wurin nan ne ya fi yi miki ciwo, kuma shi ne abin da ba za ki iya faɗa wa kowa ido da ido ba. Don haka daga nan zan fara.

Shekara 19 na yi ina aikin jinya. A shekarata ta goma sha ɗaya, wani dare wajen ƙarfe uku, ina duti ni kaɗai da gado ashirin da ɗoriya. Wata dattijuwa mai jinyar mijinta ta biyo ni tana cewa, "Sista, ruwan ya ƙare, Sista, ruwan ya ƙare." Na je na canja ledar ruwan, hannuna ya yi aikinsa daidai. Daga nan na shige ɗan ɗakin da muke ajiye magunguna, na turo ƙofa, na zauna a kan kwali cikin duhu. Ina jiyo muryarta a waje tana cigiyata don ta yi min godiya. Sai na toshe kunnuwana. Baiwar Allahn nan ba abin da ta yi min, amma a daren ji na yi ba na son in sake jin muryar ɗan Adam. Na daɗe ina ɗauke da kunyar wannan dare, ina ganin tausayi ne ya fita daga zuciyata.

Zuciyarki ba ta ƙeƙashe ba, ƙanwata. Wadda zuciyarta ta ƙeƙashe ba ta shiga banɗaki ta yi kuka saboda ta firgita 'yarta. Abin da ya same ki yana da suna, kuma an daɗe da saninsa. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin Niyok na Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kan abin da ya gani a wani asibitin sa-kai da ake duba masu shaye-shaye kyauta. Ma'aikatan sukan zo da zafinsu da son taimako, bayan kamar shekara guda sai a ga sun yi laushi, sun zama masu saurin fushi, ba sa son ganin waɗanda suka zo taimaka wa. Shi kansa abin bai ƙyale shi ba. Kalmar da ya zaɓa tana nufin abin da ya ƙone ƙurmus, kamar fitilar da manta ya ƙare aka bar ta a kunne har ta cinye lagwaninta. Ni ina kiransa ƙonewar ƙarfi. Bayansa, wata farfesa a Jami'ar Kalifoniya mai suna Christina Maslach ta bi diddigin abin a wurin masu aikin hidimar jama'a, ta tsara ma'aunin gwada shi a 1981, bisa alamomi uku. Ta farko, ƙarfi ya ƙare ƙaf. Ta biyu, mutum ya ja baya daga mutanen da yake yi wa aiki, ya daina jin su a ransa. Ta uku, ya fara ganin ba ya tsinana komai. Koma ki karanta wasiƙarki, za ki ga duka ukun kin jera su da hannunki.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a sabon kundinta na rarraba cututtuka da waɗannan alamomi uku, amma ba ta ƙirga shi cikin cututtuka ba. Cewa ta yi lamari ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Wannan bayani ya yi min daɗi, domin ya ɗauke yatsa daga kan mutum ya mai da shi kan yanayin aikin. Sai dai ina da ja a wuri ɗaya: hukumar ta taƙaita shi ga aikin da ake fita a yi. To juya mara lafiya a gado da tsakar dare fa? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto a 2018 cewa kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da yara da marasa lafiya wanda ba a biya, mata ne ke yin sa: mace awa 4 da minti 25 a rana, namiji awa 1 da minti 23. Ke aiki uku kike yi, kuma ɗaya ne kaɗai ke da lokacin tashi.

Jiki kuwa ba ruwansa da wanda ake biyanki da wanda ba a biya. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke fitar da sinadaran adiranalin da kotisol. Idan haɗari ya taso, su ne ke sa zuciya ta ƙara bugu, suga ya hau a jini, tsokoki su ɗaure, don mutum ya gudu ko ya kare kansa. Tsari ne da aka yi don ya kunnu ya mutu. Naki kuwa a kunne yake tun asuba har tsakar dare, yau da gobe, shekara biyu. Daga nan ne ɗaurewar wuya da kafaɗa ke zuwa, da ciwon kai, da barcin sama-sama, da mantuwar da ta ɗauke miki sunan ɗalibarki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun haɗu sun bayyana cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya fi masa yawa da kashi 35 cikin 100 a kan mai aikin awa 35 zuwa 40. Ke da kike jinyar wannan ciwo a gida kin san nauyin wannan magana.

Saboda haka ki cire kalmar raguwa daga bakinki. Haƙurinki na nan, ƙarfin da ake yin haƙurin da shi ne ya ƙare. Ki tuna da Abdullahi ɗan Amr, sahabin da ke azumi kullum yana raya dare duka, Annabi (SAW) ya hana shi, ya ce masa jikinsa yana da haƙƙi a kansa.

Kafin ki nemi mai zantawa, ki fara zuwa wurin likita na yau da kullum. Ki ce a auna miki yawan jini, da suga, da hawan jini, da aikin tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya wadda idan ta yi sanyin aiki takan kawo kasala da mantuwa. Kusan mace uku cikin goma masu shekarun haihuwa a duniya suna da ƙarancin jini, kuma gajiyarsa tana kama da taki ƙwarai. Na sha ganin wadda ta yi wata da watanni tana zargin kanta, ashe jini ne ya yi ƙasa. Sau da yawa ma duka biyun ne suke haɗuwa.

Sannan ki gaya wa likitan gaskiya game da ranki, domin ƙonewar ƙarfi da ciwon damuwa maƙwabtan juna ne, kuma na farkon yakan kai ga na biyun. Ga yadda nake bambanta su a sauƙaƙe. Mai ƙonewar ƙarfi idan aka ɗauke mata kaya na kwana biyu, takan ji ɗan sauƙi, dariyarta ta dawo. Mai ciwon damuwa duhun yana bin ta ko'ina, kusan kullum, mako biyu ko fiye, abin da take so da can ya daina yi mata daɗi, ga canjin ci da barci, ga ganin kanta ba ta da amfani. Idan kuwa ya taɓa zo miki a rai cewa gara ki mutu ki huta, ko ki yi wa kanki illa, wannan ba ya jiran mako mai zuwa. A ranar za ki gaya wa wanda kika amince da shi, ya raka ki asibiti.

Yanzu ga maganarki ta "ban haukace ba". Gaskiya ne, kuma akasarin waɗanda ke zama a kujerar nan ba su haukace ba. Malamai ne, nas-nas ne, 'yan kasuwa ne, iyaye mata ne irinki. Masu aikin iri-iri ne. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne cikakke, shi ke da ikon rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti ya karanci yadda tunani da ɗabi'a ke aiki, da zantawa yake jinya. Akwai kuma masu ba da shawara da nas-nas da aka horar a wannan fanni. A halin da kike, mai zantawa ne kika fi buƙata, in ya ga akwai buƙatar magani shi zai tura ki.

Bari in shigar da ke ɗakin, tun da tsoron abin da ba a gani ba ya fi yawa. Wadda na je wurinta bayan wancan dare mace ce mai sanyin murya. Ɗan ƙaramin ɗaki, kujera biyu, agogo a bango, kwalin tishu a kan teburi. Na shiga da shirin a yi min wa'azin haƙuri, na ma tanadi "to" da "in sha Allah" da zan riƙa amsawa da su. Sai ta ce, "Ba ni labarin jiya, daga tashinki har kwanciyarki." Na fara lissafi. Da na kai wajen la'asar ta tsayar da ni, ta ce, "A duk abin da kika lissafa, wanne kika yi don kanki?" Na buɗe baki, na rasa ko ɗaya. Ba ta yi saurin lallashina ba, ta bar ni na yi shiruna har na gama. Ranar ce karon farko da wani ya saurare ni kusan awa guda bai katse ni da labarin tasa wahalar ba.

Da zan tafi ta ba ni aikin gida. Takarda ce a raba ta uku: abin da ya faru, abin da ya zo min a rai a lokacin, da abin da na yi. Na cika ta mako guda. Da muka shimfiɗa ta a teburi, sai ga jimla biyu suna ta maimaita kansu kamar wani ne ke raɗa min su: "In ban yi ba, ba mai yi," da "In na ce a'a, za a ce ba ni da kirki." Wannan hanya ita ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ake taƙaita sunanta da CBT. Wani likita Ba'amurke, Aaron Beck, ya assasa ta a shekarun 1960, kuma tana cikin hanyoyin da aka fi gwadawa a kan damuwa da fargaba. Ba a ce miki ki yi tunani mai daɗi. Ana ɗaukar jimlar da ke mulkinki a tambaye ta hujja: da gaske ne ba mai yi? An taɓa gwadawa?

Muka gwada. A lokacin duk wadda ba ta zo duti ba, ni ake kira in maye gurbinta, domin an san ba na musu. Ta ce ita za ta zama shugabarmu, ni in amsa. Kalma shida ce kacal: "Ba zan iya ba wannan makon." Ba doguwar ban-haƙuri, ba ƙirƙirar uzuri. Sau shida muka maimaita kafin muryata ta daina rawa. Ranar da aka kira ni da gaske, na faɗa, hannuna na gumi a jikin waya. Shugabar ta yi jim, ta ce to, ta kira wata. Ba kullum ake samun sauƙi haka ba, akwai waɗanda suka yi fushi da ni, har da wadda ta daina gaishe ni na wani lokaci. Wannan ma mun zauna a kansa, yadda zan jure fushin mutum ba tare da na ruga na karɓi kayan da na sauke ba.

Kin ce magana ba za ta wanke miki kwanuka ba. Kin yi gaskiya, kuma ina so ki riƙe wannan gaskiyar ki shiga da ita. Duk mai ba da shawarar da ya koya miki jan numfashi a hankali, sannan ya mai da ke ƙarƙashin kayan nan yadda suke, rabin aiki ya yi. Numfashin yana da amfani, ni ma ina yi har yau, amma ba ya rage aji biyar ya zama huɗu. Maslach da abokin aikinta Michael Leiter sun nuna cewa wurare shida ne abin ke ɓullowa: yawan aiki, rashin ta-cewa a kan yadda ake yin sa, rashin sakayya ko yabawa, rashin abokan dafawa, rashin adalci a rabon aiki, da tilasta wa mutum yin abin da ya saɓa wa zuciyarsa. Amfanin zantawar shi ne ki gano ta inda naki ɗakin ke yoyo, ki kuma samu bakin da za ki nemi a toshe.

Kin rubuta cewa ba ki taɓa ƙorafi ba domin aikin naki ne. Wannan jimlar nake so ki kai ɗakin. Wa ya ce duka naki ne? Ba ki ambaci 'yan uwanki ba ko sau ɗaya. In kina da su, Mama tasu ce su ma. Wani zai iya karɓar kwana biyu a mako, na nesa zai iya ɗaukar nauyin mai taya jinya. Wataƙila ba su taɓa tayi ba domin kullum suka tambaya cewa kike lafiya lau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinyar mai shanyewar jiki ba aikin mutum ɗaya ba ne ko a asibiti.

Maigidanki kuma, tun da kin ce mutumin kirki ne, ina kyautata masa zato. Da kika ce "na gaji", gajiyar da ya sani ya ji, wadda barci ke kora. Ki nemi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki gaya masa labarin ɗalibar nan da na autarku yadda kika gaya min. Sannan ki roƙi abu takamaimai, mai rana da lokaci: "Abban yara, ina so ka karɓi duba aikin gidansu daga Litinin zuwa Alhamis." Mutane da yawa ba su san abin da za su yi da "na gaji" ba, amma sun san abin da za su yi da wannan. Masu zantawa da dama sukan yarda a zo da miji zama ɗaya ko biyu, kuma wani lokaci abin da ya kasa ji daga bakinki yakan ji shi a can.

Zaman yakan kasance sau ɗaya a mako, minti 50 zuwa awa guda, kuma irin wannan hanya galibi tsakanin zama 6 zuwa 20 ake kammala ta. Abin da kika faɗa sirri ne, ba a kai wa miji ko wurin aiki, sai fa idan rayuwarki ko ta wani na cikin haɗari, kuma ƙwararre zai yi miki wannan bayanin tun ranar farko. In fita tana yi miki wuya saboda Mama, ana yi ta waya ko ta bidiyo. In kuma ƙwararru sun yi ƙaranci a inda kike, ki tambayi asibitin da ke kusa ko suna da ma'aikacin da aka horar. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya horar da dattawan mata su zauna a benci a harabar asibiti, su yi zama shida da masu fama da abin da mutanen can ke kira yawan tunani. Sakamakon gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari na zama biyar wanda ma'aikaci da ba likita ba zai iya gudanarwa bayan horo. Abin da ke aiki a ciki shi ne sauraro na gaskiya da warware matsala ɗaya bayan ɗaya.

Ita kuwa ɗalibarki, ba a makara ba. Ranar da kika ji dama-dama ki kira ta gefe ki tambaye ta ya gida. Autarki ma ki ɗora ta a cinya ki ce mata ba laifinta ba ne. Ki rubuto min bayan an auna jininki.

TAMBAYA

Anti barka da aiki. Ni ma'aikaciyar ofis ce, shekarata 46. Matsin aiki ya hana ni barci, da na kwanta sai lissafin gobe ya taso. Wata ƙawata ta ba ni ƙwayar diyazefam, wata biyar ke nan ina sha. Da guda ɗaya ke sa ni barci, yanzu sai biyu. In na je wurin masu zantawa za su iya raba ni da ita, ko in daina kawai?

AMSA

'Yar uwa, kada ki daina kawai. Wannan shi ne abu mafi muhimmanci a amsata. Irin wannan ƙwaya ba a so a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan ta, domin jiki na sabawa, kuma komawarki biyu alama ce ya riga ya saba. Yanke ta dare ɗaya bayan wata biyar na iya kawo rawar jiki, fargaba mai tsanani, har da jijjiga. Likita ne zai tsara miki yadda za a riƙa rage ta kaɗan-kaɗan cikin makonni. Ki je masa da kwalin a hannu, ki faɗi adadin da kike sha ba ragi. Ba ke ce ta farko da ya gani ba, kuma ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Zantawar tana tafiya tare da wannan. Akwai reshen CBT da aka keɓe don rashin barci, kuma shi likitoci ke so a fara da shi kafin ƙwaya. A ciki za a sa ki tsayar da lokacin tashi guda ɗaya kullum, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. In kin kwanta kamar minti 20 barci bai zo ba, ki tashi ki koma wani wuri mai ƙarancin haske, sai kin ji barci ki dawo, don ƙwaƙwalwa ta daina haɗa gado da lissafi. Shi kuma lissafin goben, a ba shi lokacinsa da yamma: minti goma sha biyar da biro da takarda, ki zube shi duka, ki rufe littafin. Makon farko da na biyu da wuya, ba zan ɓoye miki ba.

A shekarunki kuma ki gaya wa likita in al'adarki ta fara rikicewa ko kina farkawa da zufa cikin dare. Gabatowar ɗaukewar al'ada kan lalata barci, kuma tana da nata kulawar daban. Ƙawarki da kyakkyawar niyya ta ba ki, amma ita ma ki ja ta ku tafi tare.

TAMBAYA

Anti, ni ɗaliba ce kuma ina aiki, shekarata 24. Na daure na je wurin mai ba da shawara sau biyu. Duk ranar da na je sai in dawo jikina a mace, in wuni ina kuka. Kuma a zama na biyu ta ce min in gode wa Allah, wasu sun fi ni shiga wahala, tana yi tana duba wayarta. In ci gaba?

AMSA

'Yata, abu biyu kika haɗa, kuma hukuncinsu daban. Nauyin da kike ji bayan zama ba abin tsoro ba ne a farkon tafiya. Abin da aka daɗe ana dannewa in aka taɓo shi yakan yi zafi, kamar miki ranar da aka fara wanke shi. Ki riƙa sa zaman a ranar da ba ki da jarrabawa ko aiki mai nauyi bayansa, ki kuma gaya mata yadda kike kwana, domin aikinta ne ta rage saurin tafiyar daidai ƙarfinki.

Na biyun kuwa kuskure ne daga wajenta. Godiya ga Allah kin san ta tun kafin ki je, kuma ba don a auna wahalarki da ta wasu kika zauna a kujerar ba. Duba waya a lokacin da kike magana rashin girmama ki ne. Bincike ya daɗe da nuna cewa jituwa da amana tsakanin mai zantawa da wadda ta zo suna cikin manyan abubuwan da ke sa jinyar ta yi aiki, don haka abin da kika ji ba ƙaramin abu ba ne.

Ki koma sau ɗaya, ki fara da wannan: "Maganar da kika yi ran nan ta sa na ji kamar bai kamata in zo ba, kuma wayar tana hana ni sakin jiki." In kunya ta hana ki faɗa, ki rubuta a takarda ki miƙa mata. Ta ƙwarai za ta ajiye wayar, ta ba ki haƙuri, ta tambaye ki ƙarin bayani. In ta kare kanta ko ta maimaita, ki nemi wata, kuma tun a zaman farko ki tambayi sabuwar inda ta yi horo, da hanyar da take bi, da kimanin zama nawa take ganin za ku yi.